Ƙanwata ta ce za ta shiga gidan zuhudu: wace irin rayuwa ce, kuma wa take amfana?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mu 'yan Katolika ne. Ƙanwata ta gama karatun jinya, har ta fara aiki a asibiti, sai ga ta da maganar wai za ta shiga gidan zuhudu, irin wanda mata ke shiga ba sa fitowa. Da cewa ta yi za ta zama sista mai koyarwa ko mai aikin asibiti, da mun fahimta. Mahaifiyarmu ta kasa barci. Me suke yi a can ciki? Wa suke amfana? Wannan ba asarar karatu da ƙuruciya ba ce? Kuma in ta shiga, shi ke nan mun rabu?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, a gaishe da Mama. Abin da za ka fara gaya mata yau, ko ta samu ta runtsa, shi ne babu gidan zuhudun da zai karɓi ƙanwarka a watan nan ya ja ƙofa ya kulle. Dokar da Fadar Vatikan ta fitar a 2018, mai suna Cor Orans, ta ce daga ranar da mace ta fara neman shiga zuwa ranar da za ta ɗauki wa'adin har abada, sai an yi aƙalla shekara 9, kada kuma a wuce 12. Shekarar farko ma yawanci tana gida ne, tana zuwa ta yi 'yan kwanaki ko makonni ta dawo. Kuna da lokaci, ita ma tana da shi.

Ban yi mamakin ruɗewarku ba, domin mu a Arewa sistocin da muka taso muka gani masu fita aiki ne: na St Louis da suka iso Kano a 1948, na ƙungiyar Our Lady of Apostles (OLA) da suka riƙe makarantar 'yan mata a Kakuri ta Kaduna, 'yan Dominikan da suka zo Gusau daga Amurka a 1956. Su ne suka koyar da iyayenmu mata, su ne suka karɓi haihuwa a asibitocin mishan. Sai muka ɗauka haka rayuwar keɓe kai ga Allah take tun fil azal, zaman gida kuwa wani baƙon abu ne. A tarihi kuwa zaman gidan ne babba, fita aikin ƙanensa ne.

A Afirka ma abin ya faro. A ƙarni na 4, a ƙasar Masar, Pakomiyus ya tara maza masu neman Allah a gida ɗaya ƙarƙashin doka ɗaya, ya kuma kafa wa mata nasu gidan, 'yar'uwarsa ce shugaba. Waliyyi Agustin na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, shi ma 'yar'uwarsa ta shugabanci irin wannan gida. A Italiya Waliyyi Benedict, wanda ya rasu wajen 547, ya rubuta doka mai babi 73 da har gobe dubban maza da mata ke bi. A 1298 Paparoma Boniface na VIII ya wajabta wa duk mace mai wa'adi zama a cikin gida, Majalisar Trent, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ta ƙara jaddadawa a 1563. Wannan ya sa da Vincent de Paul da Louise de Marillac suka tara 'yan mata don jinyar talakawa a Faris a 1633, sai da suka yi dabara, suka ƙi a ƙidaya su cikin masu zuhudu, don kada a kulle su su bar marasa lafiya. Daga irin wannan hanya ne sistocin makaranta da asibiti suka yawaita. Yau matan da suka keɓe kansu a Ikilisiyar Katolika sun kusa dubu 600 a duniya, masu zaman gida irin wanda ƙanwarka ke so ba su kai kashi 1 cikin 10 ba.

Ba ka faɗi gidan da take nufi ba, kuma akwai bambanci. Akwai 'yan Benedict, da 'yan Sistashiyan da suka fito daga cikinsu. Akwai 'yan Klara, mabiya Klara ta Assisi wadda ta gudu daga gidan iyayenta masu arziki a 1212. Akwai 'yan Karmel, waɗanda Teresa ta Avila ta gyara musu tsari tun daga 1562. A Najeriya akwai 'yan Benedict a Umuoji ta jihar Anambra, 'yan Sistashiyan a Abakaliki, 'yan Klara a Ijebu-Ode, 'yan Karmel a Zing ta jihar Taraba. A maƙwabta akwai Parakou a Benin, Koubri a Burkina Faso, Keur Guilaye a Senegal, da Figuil a arewacin Kamaru. Kowane da halinsa, amma ƙashin bayan yininsu ɗaya ne.

Ƙararrawa ce ke tafiyar da gidan. A gidajen Sistashiyan ana tashi tsakanin ƙarfe 3 da 4 na dare, a wasu gidajen Klara da tsakar dare ake tashi a yi addu'a a koma a kwanta. Suna shiga ɗakin sujada a jere, su tsaya sahu biyu suna fuskantar juna, wannan ɓangare ya rera aya ɗaya ta Zabura, wancan ya amsa da ta gaba. Bayan ta dare akwai ta wayewar gari, sai Misa, wato babbar ibadar Katolika, sai gajeru uku da hantsi, da rana tsaka, da wajen ƙarfe 3, sai ta faɗuwar rana, sai ta kwanciya wadda ake rufewa da waƙar gaisuwa ga Maryamu. Daga nan shiru ne har gari ya waye, ba mai cewa uffan sai da larura. Benedict ya ɗauko wannan tsari daga Zabura ta 119, inda mai zabura ya ce sau bakwai a rana yake yabon Allah, da tsakar dare kuma yakan tashi ya yi godiya. Ya so a gama Zabura 150 ɗin duka a kowane mako. Gidaje da yawa yanzu a mako biyu suke gamawa, amma ka lissafa: macen da ta yi shekara 40 a haka ta bi ta kan kowace Zabura fiye da sau dubu. Ta makoki tana zuwa ranar da take cikin farin ciki, ta yabo tana zuwa ranar da zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, kuma dole ta rera. A nan ne mutum ke koyon cewa addu'ar ba tasa ba ce shi kaɗai. Wani a wani wuri yana cikin halin da ayar ke faɗa, da bakinsa take rerawa.

Tsakanin waɗannan lokuta akwai karatun Littafi Mai Tsarki a natse, kowa ita kaɗai, ba don jarrabawa ko wa'azi ba, aya ɗaya ma tana iya cin rabin awa. 'Yan Karmel suna da awa biyu ta addu'ar shiru kullum, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Abinci a shiru ake ci, mutum ɗaya na karanta littafi da ƙarfi. Dokar Benedict ta hana naman dabba mai ƙafa huɗu sai ga marar lafiya, a Karmel kuma akwai doguwar al'adar azumi daga 14 ga Satumba har Ista. Amma kada ka zaci gidan makoki ne. Teresa ta Avila da kanta ta sa lokacin hira sau biyu a rana, su zauna tare da ɗinki a hannu ana taɗi ana dariya, don ta san shiru ba hutu yana karya mutum.

Sai aiki. Mutane da yawa sun ɗauka dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, ko Vatikan ke ciyar da su. Ba haka ba ne. Kowane gida da kansa yake tsaye, da guminsa da abin da masu alheri suka kawo. Benedict ya ce zaman banza maƙiyin rai ne, ya kuma ce sai sun ci daga aikin hannunsu ne suka cika masu zuhudu na gaske. A 1950 Paparoma Pius na XII ya fito fili ya umarci gidajen mata su nemi sana'ar da za ta riƙe su, domin bayan yaƙin duniya na biyu wasu gidajen a Turai yunwa suke kwana da ita. Don haka za ka tarar da gona, kaji, zuma, sabulu, kyandir, ɗinkin rigunan Misa. 'Yan Koubri an san su da yogot. A Sifaniya alawa da biskit suke sayarwa ta wani akwati mai juyawa a jikin bango, ka ajiye kuɗi ka juya, kayanka su fito, ba ka ga mai sayarwa ba.

Sana'ar da ta fi yawa ita ce gurasar Misa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Garin alkama ne da ruwa kawai, ba gishiri ba yisti, haka doka ta ce. Ana dama shi ruwa-ruwa, a zuba a kan faranti mai zafi na ƙarfe, a danne da na sama, cikin ɗan lokaci ya fito falle ɗaya siriri. In aka yanka shi a bushe farfashewa zai yi, sai a jera fallayen a ɗaki mai laima su yi laushi tukuna. Sannan a yanke manya na hannun Fada, wato limamin coci, da ƙanana na jama'a, a zauna a tsince ɗaya bayan ɗaya, mai tsaguwa ko mai ƙuna a ware, a ƙirga a ɗaure. Aiki ne na zafi da ciwon baya, kuma a shiru ake yinsa. Abin da ka miƙa hannu ka karɓa ran Lahadi, mai yiwuwa ta hannun irin waɗannan mata ya biyo, ba ka taɓa sanin sunan ko ɗaya ba.

Akwai kuma baƙi. Babi na 53 na dokar Benedict ya ce duk baƙon da ya zo a karɓe shi kamar Almasihu, musamman talaka da matafiyi. Gidaje da yawa suna da masauki a wajen katanga. Fadan da ya gaji, matar da mijinta ya rasu, ɗalibin da ya rasa inda zai sa kansa, suna zuwa su yi kwana biyu ko uku. Wasu ba kwana suke ba, ɗakin ganawa kawai suke shiga su zazzage abin da ke cikinsu ga wadda ba ta gaggawar zuwa ko'ina, ba ta kuma da wanda za ta kai wa gulma. Wasiƙu da saƙonnin waya na neman addu'a ba sa yankewa: mai jiran haihuwa, mai ɗa a hannun masu garkuwa, mai shari'a a kotu. A gidaje da yawa ana rubuta su a liƙa a allo kusa da ƙofar ɗakin sujada, kowace ta karanta kafin ta shiga.

To amma in na tsaya a nan na ce maka ga amfaninsu, yogot da gurasa da masauki, ban yi maka adalci ba. In da ma'aunin asibiti za a auna, ƙanwarka ta fi amfani a ɗakin haihuwa, wannan ba abin musu ba ne. Su kansu ba su ce sana'a ta kai su ba. Abin da suka ce shi ne addu'a ita ce aikinsu, sauran duk don a samu a ci ne a ci gaba da ita. Saboda haka tambayarka ta koma wata tambayar: shin addu'a aiki ce, ko kuwa abin da ake yi ne bayan an gama aiki? Wanda bai gaskata Allah na jin roƙo ba, ba ni da hujjar da za ta gamsar da shi, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Amma kai da Mama kun gaskata. Duk ranar da ciwo ya shigo gidanku, kuna aika wa mutane ku ce a sa mu a addu'a. Waɗannan mata sun ɗauki wannan roƙon da muke yi wa juna kullum a bakin hanya, suka mai da shi aikin ransu gaba ɗaya. Ikilisiya takan kawo misalin Musa a Fitowa sura 17, yana kan tudu hannuwansa a sama, Joshuwa na fama a kwari, in hannun ya sauka sai yaƙi ya juya. A kan wannan fahimta ce a 1927 aka naɗa Teresa ta Lisieux majiɓinciyar masu aikin bishara, yarinyar da ta shiga Karmel tana da shekara 15, tarin fuka ya kashe ta tana da 24 a 1897, ba ta taɓa taka ƙasar mishan ba. Da wannan fahimta kuma Paparoma John Paul na II ya kafa ƙaramin gidan zuhudu a cikin lambun Vatikan a 1994, don a samu masu yi wa Paparoma addu'a dare da rana.

Kalmar asara da ka yi amfani da ita, an riga ka faɗa. A Markus sura 14, da wata mace ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu a ka, waɗanda ke wurin suka yi gunaguni, suka ce ɓarna ce, da an sayar fiye da dinari 300 an ba talakawa. Lissafinsu daidai ne, kuɗin ya kai ladan leburan kusan shekara guda. Duk da haka Yesu ya ce a ƙyale ta, abu mai kyau ta yi. Ni a ganina Ikilisiyar da duk 'ya'yanta suka shige bayan katanga ta saɓa wa umarnin ciyar da mayunwaci, amma wadda babu ko mutum ɗaya a cikinta da zai ce Allah kaɗai ya ishe ni, ta zama ƙungiyar agaji kawai. Ana bukatar kaɗan daga irinsu, kuma kaɗan ɗin ne ake kira. Karatun jinyarta kuwa ba zai ruɓe ba. Babi na 36 na dokar Benedict ya sa kula da marar lafiya gaba da komai, kuma gidan da mata ke tsufa su mutu a cikinsa ba ya rabuwa da mai hawan jini, mai ciwon suga, da wadda sai an juya ta a gado. Irin waɗannan gidaje ma ba su saba binne basira ba. Hildegard ta Bingen, wadda ta rasu a 1179, daga cikin gidan zuhudu ta yi rubutu kan magunguna da tsirrai, ta tsara waƙoƙi, ta aika wa sarakuna wasiƙun gargaɗi. Mata huɗu ne kacal Ikilisiya ta ba matsayin manyan malamanta, uku daga ciki masu zaman gida ne: ita, da Teresa ta Avila, da Teresa ta Lisieux.

Yanzu maganar rabuwa, wadda na san ita ce ke hana Mama barci. Wanda ya taso a ƙasar Hausa, da ya ji mace ba ta fita, kulle ne zai faɗo masa a rai. Akwai kama ta waje, amma a nan ba miji ko uba ne ya sa ba, ita ce ta nema, kuma mabuɗin yana hannun matan da kansu, su ke zaɓen shugabarsu da ƙuri'a, su kira ta Uwa. Tsananin ya danganta da gida. A masu bin doka mafi tsauri, kamar yawancin gidajen Karmel da na Klara, za ku gana da ita a ɗaki mai shinge na ƙarfe ko na katako a tsakani, kuna ganin juna kuna hira. A gidajen Benedict da yawa babu shingen, za ku zauna a masauki ku ci abinci. Suna fita zuwa asibiti, zuwa jefa ƙuri'a, zuwa wani horo ko wata bukatar gida. Zuwa duba iyaye in ciwo ya yi tsanani ko jana'izarsu, wasu gidajen suna bari, wasu ba sa bari, wannan tambaya ce da za ku yi tun yanzu ku ji amsa ƙarara. Waya da intanet akwai, amma na gida ne, ba kowa da tata a aljihu ba. Abin da ba zan ɓoye maka ba: ba za ta zo bikin aurenka ba, ba za ta zo sunan 'ya'yanka ba, ba za ta kwana da Mama ran Kirsimeti ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma ku ne za ku biya shi ba tare da an yi shawara da ku ba. Kada wani ya ce wa Mama kukanta rashin bangaskiya ne.

Matakan kuwa ga yadda suke. Shekara 1 zuwa 2 tana mai nema. Sai shekara 1 zuwa 2 tana zaune a ciki da kayanta na gida. Sai a sa mata tufafin zuhudu, yawanci da farin lulluɓi, ta yi shekara 2 tana koyo. Duk wannan lokaci in ta ce ta fasa, jakarta kawai za ta ɗauka. Su ma suna iya ce mata ta koma, kuma suna yi, domin masu farawa sun fi masu ƙarasawa yawa nesa ba kusa ba. Bayan haka wa'adi na ɗan lokaci, shekara 3, a riƙa sabuntawa har ya kai aƙalla 5. Sai masu wa'adin dindindin su jefa ƙuri'a a kanta. Dokar Ikilisiya ta ce wa'adin da aka ɗauka da tilas ko tsoro ko yaudara ba wa'adi ba ne. Majalisar Trent ta yi Allah wadai da mai tura mace gidan zuhudu dole, ta kuma haɗa da mai hana ta shiga ba da hujja ba. Wannan na biyun ya shafe ku.

Ranar wa'adin dindindin a gidan Benedict, da hannunta take rubuta takardar alkawarin. Ta karanta a gaban jama'a, ta hau ta sa hannu a kan bagade, ta bar ta a can. Sai ta tsaya ta buɗe hannuwa ta rera aya ta 116 ta Zabura 119, tana roƙon Ubangiji ya karɓe ta bisa ga alkawarinsa don ta rayu, kada ya bar ta ta kunyata a kan abin da ta sa rai. Sau uku ake rerawa, sauran 'yan'uwa na amsawa. Takan kwanta rub da ciki a ƙasa ana kiran sunayen waliyyai a kanta, a yawancin gidaje kuma a sa mata zobe. Daga ranar ba ta mallaki komai ba, ko gadon da zai zo mata daga baya.

Abin da 'yan Benedict ke alkawarta uku ne: biyayya, da juyar da hali zuwa rayuwar zuhudu, wanda ya ƙunshi talauci da rashin aure, da kuma zama daram a gida ɗaya. Mutanen waje sun ɗauka rashin aure ne ya fi wuya, ko tashin dare. Ka tambayi tsofaffinsu, kusan duk abu ɗaya za su ce maka: zama da mutane. Sista mai koyarwa in ta gaji da shugabarta, wata rana za a yi mata canjin wurin aiki. Wannan kuwa mata 15 ko 20 ne, ba ita ta zaɓe su ba, wata daga wata ƙabila, wata mai saurin fushi, wata kullum sai ta ja waƙa ƙasa, kuma da su za ta tsaya sahu sau bakwai a rana har a binne ta a bayan gidan. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, a nan kuma babu yaji, babu zuwa gidan ƙawa a huce. Shi ya sa Teresa ta Avila ta taƙaita gidajenta ga mutum 13 da farko, daga baya 21, ta kuma fi son mai hankali da sauƙin kai a kan mai yawan ganin wahayi. Ni a wurina wannan zaman shi ne hidimarsu ta biyu bayan addu'a. A ƙasar da ƙabila da yare ke raba mutane har a cikin coci, gidan da Ibo da Tibi da Bajju da Mumuye suka yi alkawarin mutuwa tare yana faɗin wani abu da wa'azi bai isa ya faɗa ba.

Ba kuma zan ce maka duk gidajen lafiya suke ba. Inda aka haɗa biyayya da rufaffiyar ƙofa, zalunci na iya samun maɓoya. An samu shugabannin da suka mai da gida mallakarsu, a Fabrairun 2019 kuma Paparoma Francis ya amsa a bainar jama'a cewa akwai limamai da bishop-bishop da suka ci zarafin sistoci. Dokar 2018 kuwa ta wajabta wa gidaje shiga tarayya da 'yan'uwansu, ana zuwa ana duba su, ta kuma ce gidan da masu wa'adin dindindin suka ragu zuwa 5 ya rasa ikon zaɓen shugabarsa. Akwai wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Gidajen Turai suna tsufa ana rufe su, wasu sai suka koma ɗebo 'yan mata daga Afirka da Indiya don su cike gurbi su yi jinyar tsofaffi. A takardarsa ta 2016 kan masu zaman addu'a, Paparoma Francis ya hana ɗauko 'yan mata daga wasu ƙasashe don kawai kada gida ya mutu. In wani ya zo wa ƙanwarka da tayin biza da tikitin jirgi kafin ta san gidan, ku yi hattara. A nan gida kuma akwai talauci, da rashin tsaro ga gidajen da ke bayan gari. A Oktoban 2023 'yan bindiga sun shiga gidan 'yan Benedict maza a Eruku ta jihar Kwara, suka ɗauke mutum uku, suka kashe ɗaya.

Shawarata, kada ku yi mata taron dangi, kada kuma ku ce Allah ya kira ta a rufe magana. Ka zauna da ita ka tambaye ta tun yaushe abin ke ranta, da wa take shawara, kuma me take nema a can. In ka ji amsar ta fi karkata ga abin da take gudu, saurayin da ya yaudare ta, ko wahalar aiki, ko tsoron aure, to gidan kirki ma zai gane ya dawo da ita, don mai gudun duniya ba ta daɗewa a inda ba abin da zai ɗauke mata hankali daga kanta. Ka binciki ko gidan yana ƙarƙashin amincewar bishop na wurin, wannan ofishin dayosis zai gaya maka. Sannan ku shirya ku je, kai da Mama, ku kwana biyu a masaukinsu, gani ya kori ji. Ku tashi ku halarci addu'ar dare ko sau ɗaya. Ku dubi fuskokin tsofaffin, ku ga ko ƙananan suna sakewa a gaban Uwa ko ɗari-ɗari suke yi.

Ku kuma yi wa Uwar gidan tambayoyin da kunya ke hana mutane yi. Sau nawa ake ziyara a shekara? In ta kamu da ciwo mai cin kuɗi, wa zai biya? Mata nawa suka shiga a shekaru 10 da suka wuce, nawa suka fita, kuma da me aka sallame su? Dokar Ikilisiya ta ce wadda ta fita ba ta da ikon neman ladan aikin da ta yi, amma ta wajabta wa gidan ya yi mata adalci da ƙauna, don haka yana da kyau ƙanwarka ta san yadda za ta riƙe lasisinta na jinya da rai har zuwa wa'adin ƙarshe. In kuma albashinta ne ke riƙe da Mama ko karatun ƙannenku, ku faɗa a fili tun a zuwan farko. Gidajen kirki ba sa karɓar wadda iyayenta za su tagayyara saboda tafiyarta, sukan ce ta jira har a samu wanda zai ɗauki nauyin, kuma wannan magana ce da ku 'yan'uwanta za ku zauna ku raba a tsakaninku kafin shekarar nemanta ta ƙare.